Da Wace Tiya Ake Auna Ci Gaba?

Jawabin da kwamitin ƙungiya ya karanta a babban taron bayan girbi

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma maigari, malam liman, dattawan gari, iyayenmu mata, da ƴan uwa da sunka taso daga Yamai, Maraɗi, Kwatano da Abijan, muna yi muku barka da zuwa. Allah ya saka da alheri bisa wahalar hanya.

Kowa ya san abin da ya tara mu. Kuɗin da munka zuba a asusu sun ɗan taru, kuma baki ya rabu biyu. Waɗansu sun ce a gina gidan taro na siminti da kwano a bakin hanya, don matafiyi ya gani ya san garin nan ya ci gaba. Waɗansu sun ce a gyara fanfon da ya mutu, a buɗe bankin cimaka. Kowane ɓangare da sunan ci gaba yake magana. To, ku dattawa kun fi mu sani: a kasuwa ba a fara ciniki sai an yarda da tiyar da za a yi awo da ita. Shi ya sa kwamiti ya ga ya kamata mu duba tiyoyin da duniya take auna ci gaba da su, kafin mu ɗaga hannu.

Tiya ta farko ita ce ta kuɗi. Ana tara darajar duk abin da ƙasa ta samar cikin shekara, amfanin gona, dabbobi, ma'adinai da aikin ma'aikata, sai a raba da yawan jama'a, a ce ga rabon mutum guda. Da yake jika guda a Abijan ba ta sayen abin da take saye a kasuwarmu, masu lissafi sukan gyara adadin bisa tsadar kowace ƙasa. Da irin wannan awo Bankin Duniya ya ja layin talauci: a 1990 dalar Amurka 1 a yini, a 2015 dala 1.90, a 2022 dala 2.15, a 2025 dala 3. Dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta tamma biyar ba.

Wannan tiya tana da amfani, amma gindinta a huje yake. In Alhaji guda yana da dami 100, maƙwabtansa tara ba su da ko zangarniya, lissafi zai ce kowa yana da dami 10. Tara ɗin nan kuwa da yunwa za su kwana. Kuma daka da girki da renon yara da iyayenmu mata suke yi tun asuba, ba a sa su cikin wannan awo, don ba a biyan kowa. Mun ga misali a ƙasarmu. An fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, kuɗi sunka shigo, benaye sunka tashi a Yamai, amma daga farkon shekarun 1980 farashi ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu. A 2011 an buɗe matatar mai kusa da Damagaram, a 2024 kuma mai ya fara bin bututu zuwa gaɓar teku a Benin. Duk wannan yana ƙara adadin ƙasa. Tambayarmu ita ce: nawa ne ya iso bakin rijiyarmu?

Tiya ta biyu ta fito a 1990, daga hukumar PNUD ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wani masani ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, tare da abokinsa Amartya Sen na Indiya, sunka ce dukiya hanya ce kawai, mutum shi ne abin nufi. Sai sunka haɗa abu uku: tsawon rai, karatu, da abin da mutum yake samu. Ana ba kowace ƙasa maki tsakanin 0 da 1. A rahoton 2020, cikin ƙasashe 189, Norwe ce ta farko da 0.957, Nijar ce ta ƙarshe da 0.394. Ƴan uwa da ke zaune a ƙasashen waje sun sha jin gori a kan wannan. Amma in an buɗe lissafin, sai a ga inda ciwon yake. A rahoton nan tsawon ran ɗan Nijar ya kai shekara 62. Karatu ne ya ja mu ƙasa: in an haɗa manya duka an raba, shekara 2 ce kawai kowa ya yi a lakkwal, alhali a Norwe kusan 13 ne.

Tiya ta uku, ta 2010, ita ce ta fi kusa da mu, don gida gida take shiga. Jami'ar Oxford ta Ingila da PNUD sunka tsara ta da tambayoyi goma. Akwai mai tamowa a gidan? Yaro ya rasu cikin shekara biyar da sunka wuce? Akwai wanda ya cika shekara shida a lakkwal? Yaran da sunka isa karatu suna zuwa? Ruwan sha mai tsabta ne, kuma zuwa da dawowa bai kai rabin awa ba? Da me ake girki? Akwai salga, akwai lantarki, da me anka gina ɗaki, wane kaya gidan ya mallaka? Waɗannan tambayoyi, ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana iya amsa su.

Sai dai ko da wace tiya anka yi awo, adadin ƙasa guda yana ɓoye bambancin jahohi. A ƙidayar 2012 mun haura miliyan 17. Yamai tana da kamar miliyan 1, jahohin Damagaram, Maraɗi da Tawa kuwa kowace ta wuce miliyan 3. Manyan likitoci, manyan makarantu da lantarki sun fi taruwa a babban birni, jama'a kuwa sun fi yawa a karkara. Ku tuna 2005, bayan fari da fara na 2004. Maraɗi ce ake kira cibiyar kasuwancin ƙasa, motoci suna kai da kawowa tsakaninta da Katsina da Kano, hatsi yana nan jibge a kasuwa, amma farashi ya fi ƙarfin talaka. A jahar nan ce dubban yara sunka cika wuraren jinyar tamowa. Wanda ya auna da yawan shaguna da motoci zai ce babu matsala. Wanda ya leƙa rumbu zai faɗi wata magana dabam.

Kada kuma a ce babu abin da ya gyaru. A binciken lafiya na 1992, cikin yara 1,000 da anka haifa, 318 ba su kai shekara biyar. A 2006 adadin ya sauko 198, a 2012 ya koma 127. Me ya kawo haka? Rigakafi, gidan sauro, ƙananan ɗakunan magani na ƙauye, da maganin yara kyauta da anka soma a 2006. Ba ɗaya daga cikinsu da matafiyi zai hanga daga cikin mota. Haka ma sassaben zamani. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram sunka daina tumɓuke kututture, suna barin gawo da kalgo su tofo cikin gona. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kamar miliyan 200. Ba a yi bikin buɗewa ba, ba a yanke ƙyalle ba, amma ƙasa ta farfaɗo, mata sun samu itace kusa, dabbobi sun samu abinci da rani.

Ga abin da munka fahimta. Tiyar da mutum ya zaɓa ita ce take nuna masa inda zai zuba kuɗinsa. Wanda yake auna ci gaba da abin da ido ke gani, gini zai yi. In ginin ya tashi alhali mata suna kwana a layin rijiya, wannan ci gaban mai haƙan rijiya ne, yana aiki yana yin ƙasa. Saboda haka kwamiti yana roƙo mu yi tamu tiya, mu sayi littafi guda, kowace shekara bayan girbi mu rubuta amsar tambaya biyar:

1. Gida nawa ne hatsinsu ya kai su har sabon girbi, gida nawa ne rumbunsu ya ƙare tun kafin shuka?
2. Yara nawa anka haifa, nawa ne Allah ya karɓi abinsa kafin shekara biyar?
3. Tun daga fita har dawowa, wane lokaci mace take ɗauka wajen ɗebo ruwa cikin bazara?
4. Yara nawa, maza da mata dabam dabam, sunka gama aji shida?
5. Magidanta nawa ne sunka sayar da gona, ko sunka ci bashin hatsi da damina don su biya ninki da kaka?

Malamin lakkwal, ma'aikacin ɗakin magani da shugabar mata za su iya riƙe wannan littafi. Za a riƙa karanta shi a gaban kowa, a kuma buga shi cikin wannan takarda don ƴan cin rani su san inda guminsu ya shiga.

Ra'ayin kwamiti, ba mu ɓoye shi: a fara da fanfo da bankin cimaka, don su ne za su taɓa tambaya ta 1, ta 3 da ta 5 tun bana. Masu son gidan taro ba su yi laifi ba, kishin gari ne ya sa su magana, kuma in Allah ya hore za a gina shi. Kafin nan inuwar tsamiyar nan da ta ɗauki kakanninmu za ta ɗauke mu. Amma hukunci naku ne, abin da taro ya yanke shi za mu bi.

In mun faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, a gafarce mu, yaro ba ya rasa kuskure a gaban manya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a, ya mai da matafiya gidajensu lafiya. Amin.