Lacca: Ƙaramin Hafsa a Bakin Daga

 Yau maganar soja za mu yi, domin 'ya'yanmu ne ke cika bariki, kuma ransu yana hannun wanda ke ba su oda. Ba janar muke nufi ba. Muna nufin laftanan, yaron da ake danƙa wa mutum talatin da 'yan kai, aka raba su kashi uku, kowane kashi da kofur ɗinsa, ga saje guda yana dafa masa.

Ku 'yan kasuwa kun san madugu. Ayarin da madugunsa bai san wace jaka ce ta yi gurgunta ba, ba ya isa zango da kayansa cif. To, haka laftanan yake.

Mu ɗauki yaƙin Bama, inda dubban mutanenmu suka je. A farkon 1944 runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma tana cikin kwarin Kaladan, daji ne mai duhu da duwatsu, ba hanyar mota. Abinci da harsashi jirgin sama ke jefo musu, sauran kaya kuwa a ka ake ɗauka. A irin wannan wuri babban kwamanda ba ya ganin kowa. Abin da ƙaramin hafsa ya yanke nan take, shi ke nan.

Abin da ya fi cin soja a can ba harsashin Japan ba ne, ciwo ne. Janar Silim, shugaban runduna ta 14, ya lissafta cewa a 1943 in an kwashe mutum ɗaya mai rauni, an kwashe 120 marasa lafiya, yawanci zazzaɓin cizon sauro da atini. Ga ƙwayar magani akwai, amma ba a sha. Sai ya ɗora laifin a wuyan hafsoshi, har ya tuɓe kwamandoji uku, nan da nan kowa ya shiga taitayinsa. Watau aikin laftanan ne ya tsaya kowace yamma ya ga kowane mutum ya haɗiye ƙwayarsa, ya sa a cire takalma ya duba ƙafafu. Aikin ba daɗi, ba a kuma ba da lambar girma a kansa, amma shi ke hana mutum talatin su koma goma sha biyar tun ba a harba bindiga ba. Silim ɗin nan ya kan gargaɗi hafsoshinsa kada su ci, kada su kwanta, sai mutanensu sun ci sun kwanta.

Sai maganar dare. Sojan Japan su kan lallaɓo kusa da ramuka su yi ihu, su yi 'yan harbe-harbe, don a mai da martani su gane inda bindiga mai ruwa take. Kurtu in ya tsorata sai ya zazzage harsashinsa a kan itatuwa. Hafsan kirki tun da rana ya zaga rami rami, ya nuna wa kowa gefen da zai tsare, ya ce ba mai harbi sai ya ga mutum da idonsa. In aka fara, muryarsa suke saurare. In ta yi rawa, an gama.

Wani abu kuma da ya cuci mutanenmu: hafsoshin nan kusan duk Turawa ne, da yawansu sababbin zuwa, ba su jin Hausa. Oda sai ta bi ta bakin tafinta, alhali harsashi ba ya jiran fassara. Masu hankali a cikinsu suka kama saje baƙar fata suka riƙe, suna shawara da shi kafin su motsa, suka koyi sunan kowane soja da garinsu. An ce baƙin mutum ba zai iya riƙe oda ba, sai ga Seth Anthony, mutumin ƙasar da ake kira Gana yanzu, an ba shi hafsa a 1942, ya yi yaƙin Bama a runduna ta 81, ya kai manjo. Da shi da ire-iren sajojin nan aka yi tafiyar da ta kai ga cin garin Myohaung a watan Janairu 1945.