Kuɗin Adashi da Ginin Shago

Yau za mu taɓa wata sana'a da mace za ta iya yi tana cikin ɗakinta, wato zuba kuɗi a ginin shagunan haya.

Ga yadda abin yakan zo. Mutum yana da fili a bakin titi, amma ba shi da kuɗin bulo da siminti. Ke kuwa kin kwashi adashi, ko an raba gado kin sami naki. Sai ya aiko ta hannun maigida cewa ki ranta masa, ya jinginar miki da shago ɗaya, ki riƙa cin hayarsa har ranar da zai biya. To uwargida, a nan ake zamewa. Kuɗinki za su dawo cif, ga haya a kai. Wannan ƙarin malamai kuɗin ruwa suke kiransa.

Abin da ya fi, ku yi tarayya. A yi wa filin kuɗi, a ce miliyan 6, ke ki zuba miliyan 4 na gini. Kin ga kashi 4 cikin 10 na ginin naki ne, na hayar ma haka. Duk shekara sai ya sayi wani yanki na rabonki, hayarki tana raguwa, har ginin ya koma nasa, ke kuma ki juya kuɗinki zuwa wani ginin. Bankunan Musulunci, irin waɗanda Jaiz ya buɗe wa hanya a Nijeriya a 2012, musharaka suke ce wa wannan.

Sai dai fa asarar ma ta ku biyu ce. In shago ya shekara ba ɗan haya, ko aka yi gobara irin ta kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, Allah ya kiyaye, ba ki da damar cewa ya biya ki.

Kafin ki fitar da ko sisi, a kawo miki takardar filin har ɗaki, wanda kika amince da shi ya karanta miki. Tun dokar filaye ta 1978, ƙasar birni a hannun gwamna take, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Rumfar cikin kasuwar hukuma kuwa galibi izinin zama ne kawai, ki yi hattara da ita.

Yarjejeniya a rubuta da sunanki, ba na maigida ba, ba na yayanki ba, shaidu biyu su sa hannu. Ba rashin yarda ba ne, ai rai ba ya sallama, magada kuma takarda suke tambaya. Kwafi ɗaya ya kwana a akwatinki.