Harsashi Ma Yana Tsufa

Yau maganarmu da mafarauta ce, da duk wanda hukuma ta ba lasisin riƙe bindiga, don a Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta yarda kowa ya ajiye bindiga ko harsashi ba sai da izini.

Shekara nawa harsashi ke yi bai lalace ba? Kamfanonin da ke ƙera shi sukan ce shekara goma. Amma ba yawan shekaru ne ke kashe shi ba, wurin ajiya ne. Wanda ya kwana a busasshen wuri mai sanyi, cikin akwatin da iska ba ta shiga, yakan zarce haka nesa. Wanda kuwa aka jefa ƙarƙashin gado, laimar damina ta ratsa shi, zafin bazara ya gasa shi a ɗakin kwano, wannan kam ba abin dogaro ba ne.

Harsashin da ake yawo da shi a jiki ya fi saurin lalacewa. Gumi na taɓa shi, man goge bindiga na iya tsiyaya ya kashe ɗan maɓallin gindinsa da ke kunna albarushi, yawan sakawa a bindiga da cirewa kuma na tura kansa ciki. Shi ya sa a Amurka, inda ake yawo da ƙaramar bindiga bisa doka, masu horarwa ke cewa a sauya na jiki duk wata shida zuwa shekara guda.

To, ɗan'uwa, kasa kunne a nan. In ka ja kunama harsashi bai tashi ba, kada ka leƙa bakin bindigar, kada ka buɗe ta nan take. Wani yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Ka bar bakinta a inda ba mutum, ka ƙirga daƙiƙa talatin. In kuma ka ji ƙarar ta fito da rauni, tsaya! Mai yiwuwa wani abu ya maƙale a bututun, harbi na biyu zai iya tarwatsa bindigar a hannunka.

Harsashin da ya yi tsatsa, ya kumbura ko ya tsage, ka ware shi. Kada a jefa shi wuta ko juji inda yara ke tone-tone. A miƙa shi ofishin 'yan sanda mafi kusa.