Abin da Rajistar Aji Ba Ta Faɗa

Jawabin da aka gabatar a taron reshe na ƙarshen zangon karatu



An ba mu batu mai faɗi, wato adalci wajen samun sufuri da ilimi da kiwon lafiya da amfanin bincike. Da fari mun so mu ce wannan aikin malaman jami'a ne, mu alli da allo muka sani. Amma da muka zauna, mu da ke koyarwa a makarantun ƙauyukan wannan ƙaramar hukuma, sai muka ga abubuwan nan huɗu duk suna kwance a cikin littafi guda da muke buɗewa kowace safiya, wato rajista.

Ka kira suna, yaro ya amsa, ka sa alama. Ka kira wani, ka ji shiru, ka sa sifiri. Rajista ba ta da gurbin rubuta dalili. Sifirin yaron da ya maƙale a wajen ƙwallo da sifirin yarinyar da rafi ya cika ya hana ta tsallakowa kamarsu ɗaya. Haka ake tattara su a kai ofis, daga nan kuma a yanke hukunci cewa mutanen ƙauye ba sa son boko. Mun daɗe muna jin wannan magana, har wani lokaci mu ma mukan faɗe ta idan gajiya ta kama mu.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta yi wa kowane yaro alkawarin karatun shekara tara, kyauta kuma dole: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin wannan aiki, da sharaɗin sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta karɓa. A takarda babu bambanci tsakanin ɗan birni da ɗan ƙauye. A ƙasa kuwa, ƙauyuka da yawa shekara shida kaɗai suke da ita, domin ƙaramar sakandaren da ta fi kusa tana can garin hakimi, tafiyar sa'a ɗaya da rabi a ƙafa. Mun koyar da wata yarinya da ba mu taɓa ganin mai kaifin lissafi kamarta ba a aji shida. Mahaifinta ya zo makaranta da kansa, ya zauna a kan benci ya ce mana: "Malam, ba karatun nake ƙi ba. Amma 'yar shekara goma sha biyu, ta bi wannan daji ita kaɗai safe da yamma, kai za ka bar taka?" Ba mu da amsa. Da keke ɗaya za a samu, ko a buɗe aji uku a harabar firamaren tamu, da yanzu wani labarin muke ba ku. A cikin lissafin hukuma dai tana cikin waɗanda aka ce sun bar makaranta.

Hanyar da ta hana ɗalibi ita ce kuma take hana malami. Tun ranar 29 ga watan Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura naira dubu a ƙarshen 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yulin 2024, mun kuma yaba, ko da yake kowa a ɗakin nan ya san tazarar da ke tsakanin sa hannu a Abuja da shigar kuɗi aljihun malamin firamare. Abin da muke so a duba shi ne wannan: malamai biyu, matakinsu ɗaya, albashinsu ɗaya. Ɗaya yana takawa daga gidansa zuwa makaranta cikin minti goma. Ɗayan sai ya shiga mota, ya sauka a mararraba, ya hau acaɓa, idan damina ce kuma ya naɗe wando ya ratsa ruwa. Ana kiran wannan daidaito, tunda kuɗin ɗaya ne, amma na biyun shi yake biyan kuɗin nisan da ba shi ya ƙirƙira ba. Idan wata ya yi nisa aljihu ya bushe, sai ya fara tsallake ranaku, yara su zauna ba malami, iyaye su ga gara su tafi da su gona. Malamai mata kuwa, waɗanda zuwansu kaɗai kan sa uba ya sake ya bar 'yarsa a aji, su ne suka fi wuyar samu a irin waɗannan makarantu.

Sai batun lafiya, wanda shi ne ya fi cika rajista da sifiri daga tsakiyar damina zuwa kaka. Akwai shiri mai kyau na raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro gida-gida, wata-wata a lokacin damina, amma na yara ne daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. 'Yan ajinmu sun wuce wannan shekaru, sauro kuwa bai san sun wuce ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Duk da haka, wane ne a cikinmu bai taɓa goya ɗalibi a babur yana neman asibitin sha-ka-tafi da yake a buɗe ba? Akwai kuma ciwon da ba ya kwantar da yaro, sai dai ya mayar da shi daƙiƙi a idonmu. Mun yi shekara muna faɗa da wani yaro saboda ba ya kwafar abin da ke kan allo, ashe allon ne ba ya gani. Ba likita ne ya gano ba, wata malama ce ta dawo da shi layin gaba don ta riƙa sa masa ido. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara mashigansu. Wa'adin ya cika ya wuce. Ku tuna matakalar ajinku.

Kada a ce mana ƙauyukan nan ba sa shiguwa. Masu allurar shan inna sun shiga kowane lungu da kowace ruga, har aka tabbatar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka a watan Agustan 2020. Akwatin zaɓe ma ba ya ɓata hanya. A farfajiyar makarantunmu ake ajiye shi, ƙarƙashin rufin da iska ta yaye.

Game da bincike, mutanenmu suna da dalilin yin ɗari-ɗari. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi kisan, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Raunin da wannan ya yi wa amana ya daɗe bai warke ba. Binciken da ke zuwa makarantunmu bai kai wannan haɗari ba, amma shi ma yana da nasa rashin adalcin. Masu takardun tambayoyi sukan tsaya a makarantun da ke bakin titi, domin nan mota take iya kaiwa. Mu cike musu, su tafi, a rubuta sakamako da Turanci, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba. Makarantar da ba a je ba, ba ta cikin rahoto, wadda ba ta cikin rahoto kuwa da wuya ta shiga kasafi.

'Yan uwa, laifi tudu ne. Kafin mu hango na wasu, mu duba wanda muke tsaye a kai. Mu nawa ne muka bi ta hannun wani babba don kada a tura mu ƙauye, ko don a dawo da mu gari? Ba mu ce babu uzuri ba, muna da iyali, mun kuma faɗi tsadar hanya. Amma sakamakon shi ne makarantar cikin gari malamai sun yi mata yawa har suna zaman hira a ƙarƙashin bishiya, ta ƙauye kuma hedimasta da mutum biyu ne ke riƙe da aji shida. Wanda ba shi da kowa shi ake jefawa can, a manta da shi shekara goma. Mu nawa ne kuma muka kori yaro saboda kuɗin jarrabawa ko rigar makaranta, alhali doka ta ce kyauta ne? Ƙungiyarmu, tun kafuwarta a 1931, ta saba faɗa a kan albashi da ƙarin girma, kuma faɗa ne na gaskiya. Wannan ɗin ya fi wuya, domin wani sashensa da kanmu za mu yi shi.

Saboda haka muna gabatar wa reshe buƙata, kuma ba ta cin kuɗi. Daga zango mai zuwa, kowane malamin aji ya ajiye ɗan littafi kusa da rajista. Duk yaron da ya yi fashin kwana uku a jere, a tambaya a rubuta dalili a kalma ɗaya ko biyu: ciwo, ruwa, nisa, gona, talla, rashin malami. Wannan na ƙarshen ma a rubuta shi, ko da mu ya shafa. Ba za a sa sunan yaro a abin da za a fitar ba, adadi kawai. A ƙarshen zango wakilan makarantu su kawo wa sakataren reshe, a haɗa, a rubuta da Hausa da Turanci, a karanta wa iyaye a taron iyaye da malamai kafin a kai wa sakataren ilimi da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.

Da wannan takarda a hannu za mu nemi alawus na musamman da ake aunawa da nisan makaranta, da tsarin juyi a rubuce wanda zai sa kowa ya yi nasa wa'adin a ƙauye ya dawo, har da waɗanda suke da uwa a gindin murhu. Mun san wannan sharaɗi na biyu ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. Muna roƙon shugaba ya sa shi a cikin abubuwan da za a kaɗa wa ƙuri'a yau kafin a tashi.