Dokar Davis-Bacon da 'Yan Koyon Sana'a a Amurka

A Amurka, duk ɗan kwangilar da ya karɓi aikin gini na gwamnatin tarayya da ya haura dala 2,000, dole ya biya magina, kafintoci da leburori ladan da aka saba biya a yankin. Dokar Davis-Bacon ce ta shimfiɗa wannan sharaɗi. Shugaba Herbert Hoover ya sa mata hannu a 1931, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe, 'yan kwangila kuma ke kwaso ma'aikata masu arha daga nesa suna karya farashi. Ma'aikatar Ƙwadago ce ke ƙayyade kuɗin kowace sana'a a sa'a guda, gunduma-gunduma, ɗan kwangila kuwa ya miƙa takardar biyan albashi duk mako.

An yi wa 'yan koyon sana'a sassauci. Ana iya biyan ɗan koyo ƙasa da ƙwararre, amma sai in yana cikin shirin koyo mai rajista, kuma yawansu bai wuce ƙa'ida ba. In ba haka ba, cikakken lada zai karɓa, ko jiya ya fara riƙe cokalin gini. Masu suka na cewa dokar na ƙara wa ayyuka tsada. Ma'aunin dala 2,000 ɗin kuwa, tun 1935 bai motsa ba.