Wane fenti ya dace da injin babur?

Mai tayar da tsohon babur, Jincheng ne ko Honda CG125, don Allah ya guji fentin mota a jikin inji. Iska ke sanyaya wannan inji ta haƙarƙarin ƙarfen da ke jikin silinda. In aka lafta fenti mai kauri, zafi zai rasa mafita, fentin ya kumbura ya ɓare. A nemi mai jure zafi, baƙi ko ruwan azurfa, mai ɗan sheƙi, domin marar sheƙi yana riƙe baƙin mai da ƙurar hunturu. A wanke maiƙo tas, a fesa sama-sama sau biyu. Salansa kuwa fentinta daban, ta fi inji zafi.