Kunne Ba Shi Da Safaya: Maganar Ƙara Da Soson Toshe Kunne

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau ba siyasa za mu taɓa ba, ba kuma maganar neman aiki ba. Yau maganar kunne za mu yi. E, kunne dai, wannan da kuke saurare na da shi yanzu.

Bari in fara da abin da ya jawo maganar. Ina da wani ƙane, ɗan ƙanin babanmu ne, ba zan kama suna ba. Tun yana ɗan shekara 15 yake aiki a injin niƙa, yanzu shekararsa 24. Kullum daga safe har la'asar yana tsaye a gindin inji. To tun bara aka fara ƙorafi a kansa a gida, wai ya fara girman kai, sai a kira shi sau uku bai amsa ba. Hajiya ta yi faɗa har ta gaji. Ran nan muna zaune a ƙofar gida na ce masa, "Kai wai me ke damunka ne? Hajiya na magana kana share ta." Ya yi shiru. Can ya ce, "Wallahi Yaya ba sharewa nake ba. Ina jin ana magana, amma ba na gane abin da ake cewa, musamman in mutane sun yi yawa. Kuma da daddare in na kwanta sai in ji kamar gyare na kuka a cikin kunnena."

Jikina ya yi sanyi. Muka je asibiti aka yi masa gwajin ji. Likita ya ce ƙarar inji ta ci wani ɓangare na jinsa, kuma abin da ya tafi ya tafi ke nan, ba ƙwaya, ba allura, ba ɗigon kunne da zai dawo da shi. Sai dai a tattala abin da ya rage. Yaro ɗan shekara 24 fa, ko aure bai yi ba.

Me ya sa ba ya dawowa? A can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kama da gashi, wajen dubu 15 a kowane kunne. Su ne ke karɓar sauti su miƙa wa jijiya, jijiya ta kai ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su, kamar yadda ciyawa ke kwanciya in an taka ta. In sau ɗaya ne, ta miƙe. In kullum ana bi ta kanta, sai wurin ya zama hanya. Bambancin kawai shi ne, ciyawa in damina ta zo za ta sake fitowa, su kuwa waɗannan in sun mutu ba sa sake tsirowa a jikin ɗan Adam. Kuma waɗanda ke fara lalacewa su ne masu kama siririn sauti, irin su "s" da "f" da "sh". Shi ya sa ƙanena yake cewa yana ji amma ba ya ganewa. Muryar na shiga, kalmomin ne ke zuwa a gutsure.

Abin da ya fi ba ni tsoro, ba ya zuwa da ciwo. Ba jini, ba zazzaɓi. A hankali yake ci, shekara da shekaru, sai ran da ka ga kana ta cewa "na'am?" a waya.

Yanzu bari mu ɗan taɓa lissafi, kar ku gudu, ba shi da wuya. Ana auna ƙarfin sauti da wani ma'auni da ake kira desibel. Hira ta yau da kullum wajen 60 ce. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyaka a kan 85 na tsawon awa 8 a rana. Daga nan duk ƙarin 3 da aka samu, sai lokacin ya ragu da rabi. Wato 88 awa 4 ke nan, 91 awa 2, 94 awa 1. In aka kai 100, minti 15 kacal. Injin niƙa da na markaɗe sau da yawa suna haura 90. To ku lissafa min mutumin da ke yin awa 8 a gindinsa, kwana shida a mako.

Za ka ce, ni ina na ga na'urar awo? Ga gwaji mai sauƙi. Idan mutum yana tsaye kusa da kai, tazarar miƙa hannu, amma sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, to ƙarar wurin ta kai inda za ta iya yi maka illa. Yanzu ka tuna wurare nawa ka shiga a makon nan da suka ci wannan gwajin. Shagon caji da janareta a bakin ƙofa. Wajen masu walda lokacin da ake yankan ƙarfe. Wajen masu yankan katako. Gidan biki, inda DJ ya jera lasifika kamar zai tashi unguwa. Ka dawo gida kunnenka na "ziiii", ka ce gajiya ce. Ba gajiya ba ce, mutumina. Kunnen ne ke kai ƙara.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraren sauti mai ƙarfi, a waya da wuraren shagali. Mu ne fa ake nufi, ba kakanninmu ba.

To mene ne abin yi? Nan ne ɗan soson nan ya shigo. Turawa na ce masa iyafulog, ni dai soson toshe kunne nake ce masa. Kun san toshiyar baki, to wannan toshiyar kunne ce, kuma ita halal ce. Wani ɗan soso ne mai laushi, bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, galibi ruwan lemo ko ruwan ɗorawa. A Amurka aka fara fito da shi a farkon shekarun 1970. Sirrinsa shi ne, in ka matse shi ba ya komawa nan take, a hankali yake kumbura. Wannan jinkirin ne ke ba ka damar zura shi a kunne, sannan ya buɗe ya cike ramin. Ana samun sa a shagunan kayan kariya na ma'aikata da wasu manyan kemis, kuma abu ne mai araha, musamman in kwali aka saya.

A jikin ledarsa za ka ga lamba, wani 29, wani 32, wani 33. Wannan shi ne yawan desibel ɗin da ya rage a ɗakin gwaji. A zahiri mutane ba sa samun haka, har ita NIOSH ɗin ta ba da shawarar a ɗauki rabin lambar kawai. To mu ce 15 ya rage maka. Mutumin da ke cikin ƙarar 100 ya dawo 85. Daga minti 15 ya koma awa 8. Kun ga ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa, kuma nan nake so ku buɗe kunne da kyau, yawancin mutane ba su iya sa shi ba. Ni kaina ranar farko cusa shi kawai na yi, rabi a waje kamar an saƙala alli, na ce ai wannan abin yaudara ne. Ashe ni ne ban iya ba. Ga yadda ake yi.

Na farko, hannunka ya zama mai tsabta. Ka murza soson tsakanin yatsunka a hankali har ya zama siriri sumul, ba tare da ya naɗe ko ya yi tattara ba.

Na biyu, in kunnen dama za ka sa wa, ka zagayo da hannun hagu ta saman kanka, ka kama saman kunnen ka ja shi sama da ɗan baya. Ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, jan nan ne ke miƙar da shi. Sai ka zura soson da sauri kafin ya kumbura.

Na uku, ka dafe shi da ɗan yatsa kamar daƙiƙa 30, har ya gama buɗewa. Za ka ji ƙarar duniya na ja da baya, muryarka kuma ta koma kamar kana magana a cikin randa. Yauwa, ya zauna ke nan.

In kana son tabbatarwa, ka rufe kunnuwanka da tafin hannu ka buɗe. In ka ji bambanci mai yawa, bai zauna ba, cire ka sake. Wajen cirewa kuma kar ka fizge, ka murɗa a hankali ka zaro. Sannan in kana cikin ƙara ka bar shi a kunne har ka fita. Cirewa da mayarwa kowane minti biyar na zubar da yawancin amfaninsa.

Abu ne na amfani a yar. In ya yi datti, ko ya daina kumbura, ko ya taurare, jefar da shi. Kar ka ara wa wani, kar ka ari na wani. Kar ki bar shi inda yaro zai ɗauka ya kai baki. Wanda kunnensa ke ciwo, ko yake zubar da ruwa, ko aka taɓa ce masa dodon kunnensa ya huje, ya fara ganin likita tukuna. Masu sa shi kullum kuma su sani yana iya tura dattin kunne ciki ya taru.

Akwai dabaru biyu da muke yi waɗanda ba sa aiki. Ɗaya auduga ko tishu. Abin da suke tarewa kaɗan ne ƙwarai, sai dai su ba ka ƙarfin gwiwar ƙarya. Ta biyun ta fi muni, kuma ni ma na yi ta lokacin da nake ajin ƙarshe a jami'a. Janaretan maƙwabta na ruri, ni kuma ina da jarrabawa, sai in sa iyafis in ƙure waƙa don in danne ƙarar. Wato na kashe wuta da fetur. Ƙarar janareta na nan, na ƙara mata wata a bakin dodon kunnena.

Sai maganar barci, don na san da yawanku abin da ya dame ku ke nan. WHO ta ce don a samu barci mai kyau, bai kamata ƙarar cikin ɗaki ta wuce 30 ba. Wanda tagarsa ke kallon janaretan maƙwabci ya san ya yi nisa da wannan. Soson na taimakawa sosai, ni shaida ne. Amma a yi hankali. Ba ya toshe sauti gaba ɗaya, ragewa yake yi, duk da haka ka gwada ƙararrawar wayarka da rana ka tabbatar za ta tashe ka da asuba. Mai jego da jariri a gefenta, wannan ba nata ba ne. Mai gadi, ba naka ba ne. Kuma a yanayin tsaron da muke ciki, bai kamata a ce duk mutanen gida sun toshe kunne sun kwanta ba. Ko gobara ce, ko bugun ƙofa, dole a samu mai ji. Haka in kana tafiya a bakin titi ko kana tuƙi a cikin gari, ka bar kunnenka a buɗe, hon ɗin da ke ba ka haushi wata rana shi zai cece ka.

Na kai wa abokan aikin ƙanena soson nan, kuma na ji uzuri kala-kala. Wani ya ce, "Ai mu mun saba." Na ce masa sabo turken wawa. Kunne ba ya sabawa da ƙara. In ka ga ta daina damunka, mai yiwuwa jin ne ya fara raguwa. Wani ya ce, "To ya zan ji kwastoma?" Na ce gwada. Soson na rage ƙarar inji da muryar mutum tare, kuma dama a gindin inji da ihu da nuni ake magana. Wani kuma ya ce za a ce ya cika iyayi. Na ce mai walda da ke sa baƙin gilashi, wa ya taɓa ce masa mai iyayi? Ido muke jin tsoron rasawa, kunne kuwa mun mayar da shi ɗan bora.

Kafin in rufe, kar wani ya fahimce ni a karkace. Ba cewa nake kowa ya toshe kunne a bar masu ƙara su ci karensu ba babbaka ba. Soso kariya ce ta wanda ba shi da yadda zai yi. A Najeriya akwai dokar ƙayyade ƙara tun 2009, a ƙarƙashin hukumar kula da muhalli ta NESREA. Mutum nawa ne suka san da ita? Mai injin da ya ɗauki yara aiki, shi ya kamata ya saya musu abin kariya, ba su ba. Mai janareta ya gyara salansa, ya matsar da shi daga tagar mutane, wanda hakan ma ya rage haɗarin hayaƙinsa. Masu biki ku ce wa DJ ya sassauta, kuma don Allah a daina zaunar da ƙananan yara a gaban lasifika. Duk mai ɗaura lasifika a unguwa, ko ta talla ce ko ta mene ce, ya tuna akwai mara lafiya, akwai tsoho, akwai ɗalibi. Wannan haƙƙin maƙwabtaka ne, ba sai hukuma ta zo ba.

Ga aikin da zan ba mu a makon nan. Kowa ya san mai niƙa ɗaya, ko mai walda, ko mai shagon caji a layinsu. Ka sayi soson nan ko guda biyu ne ka kai masa, ka tsaya ka nuna masa yadda ake sawa. Nunawar ta fi kyautar muhimmanci. In kuma kai ne kunnenka ke ƙugi ba ya dainawa, ko kake yawan cewa a maimaita, ka je sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti a auna ka. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, aikinta ke nan. Wanda kuma ya wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kar ya jira, ya tafi asibiti a ranar. Ranar 3 ga Maris ta kowace shekara ita ce Ranar Ji ta Duniya, amma kar ka ce sai ta zagayo.

Ƙanena yanzu da sosonsa yake aiki. Gyaren nan bai bar kunnensa ba, amma ya ce in ya tashi daga aiki kansa ba ya sarawa kamar da. Hajiya kuma ta daina cewa yana da girman kai, yanzu in za ta yi masa magana sai ta bari sun haɗa ido.

Ku rubuto mana a ƙasa, wace ƙara ce ta fi addabar unguwarku, kuma kun taɓa yi wa mai ita magana? In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ƙara mana lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.